Haruffa da inkodin a Python

Harafi, a harshen shirya manhaja na Python, shi ne mafi ƙanƙantar yankin rubutu da harshen yake iya ƙirgawa, ya yanko, ko ya gwada da wani. Inkodin kuwa ƙa'ida ce da ake bi wajen mayar da haruffa zuwa bayit domin a adana su a fayil ko a aika su ta intanet, sannan a dawo da su yadda suke idan an zo karantawa. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fara fitarwa a 1991, ya raba waɗannan abubuwa biyu tun daga fitowa ta 3.0 a watan Disamban 2008. Rubutu yana zama a nau'in `str`, bayit kuma a nau'in `bytes`, kuma ba a tsallakawa daga wannan zuwa wancan sai ta hanyar wani inkodin.

Akwai abubuwa uku da masu koyo suka saba ɗauka a matsayin abu guda: harafin da ido yake gani a allo, lambar da aka ba wannan harafi, da bayit ɗin da ke ɗauke da lambar a cikin na'ura. A rubutun Ingilishi zalla ukun sukan zo daidai, harafi ɗaya, lamba ɗaya, bayit ɗaya, don haka bambancinsu ba ya fitowa fili. A harsuna irin su Hausa, Larabci da Yarbanci lissafin yakan sauya, kuma daga nan ne kurakuran rubutu da dama suke tasowa a cikin manhajoji.

## Asali

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Mafi ƙanƙantar ma'auninta shi ne bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Bit takwas su ne bayit ɗaya, kuma bayit ɗaya yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Saboda haka kafin a adana rubutu sai an yi yarjejeniya kan lambar da za ta tsaya a madadin kowane harafi.

Yarjejeniyar da ta fi shahara a farko ita ce ASCII, wadda aka fitar a Amurka a 1963, aka kuma ƙara mata ƙananan haruffa a 1967. Bit bakwai take amfani da su, wato gurbi 128. Babban A shi ne 65, ƙaramin a 97, alƙalamin 0 kuma 48, tazarar da ake bari tsakanin kalmomi 32. Gurbi 33 daga ciki ba haruffan gani ba ne, umarni ne ga na'ura, kamar na sauka sabon layi. Sauran 95 ɗin sun wadatar da Ingilishi, amma ko Faransanci ba su ishe shi ba.

Da yake bayit yana da gurbi 256, sai kowane yanki na duniya ya cika ragowar 128 ɗin da nasa haruffan. ISO 8859-1 na 1987, wanda aka fi sani da Latin-1, ya ɗauki na Yammacin Turai. Kamfanin Microsoft ya yi nasa mai kama da shi, Windows-1252, da wani na Larabci, Windows-1256. Matsalar a fili take: bayit mai lamba 200 yana nufin È a Latin-1, amma ب ne a Windows-1256, kuma babu abin da ke jikin bayit ɗin da zai nuna wanda aka nufa. An yi wa harsunan Afirka nasu tsarin a 1983, ISO 6438, domin kundayen ɗakunan karatu, kuma yana ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, sai dai bai yaɗu zuwa kwamfutocin jama'a ba. Abin da masu buga rubutu suka riƙa yi shi ne amfani da salon rubutu na musamman da ya ɗora hoton ƙ ko ɗ a gurbin wani harafi daban. Da an buɗe fayil ɗin a na'urar da ba ta da wannan salon, sai ainihin harafin da ke ƙasa ya bayyana.

Unicode ya zo ne don ya kawo ƙarshen wannan ruɗani. Injiniyoyin kamfanonin Xerox da Apple, cikinsu har da Joe Becker, Lee Collins da Mark Davis, suka soma aikin a ƙarshen shekarun 1980, aka fitar da kashi na farko a 1991. Manufarsa ita ce kowane harafi na kowane tsarin rubutu ya samu lamba ɗaya tasa ta kansa. Ana rubuta lambar da U+ a gaba, a ƙidaya mai tushe 16, wadda take amfani da 0 zuwa 9 da kuma A zuwa F. Lambobin suna tafiya daga U+0000 zuwa U+10FFFF, jimilla gurbi 1,114,112, kuma waɗanda aka riga aka ba haruffa sun haura 150,000. Guda 128 na farko daidai suke da na ASCII.

## Harafi ɗaya a Python

Python ba shi da nau'i na musamman na harafi guda. Harafi a wurinsa jerin rubutu ne mai tsawon ɗaya. Idan aka yanko harafin farko na kalma, abin da ake samu `str` ne shi ma, kamar kalmar da aka yanko shi daga ciki.

```
>>> kalma = "ƙasa"
>>> len(kalma)
4
>>> kalma[0]
'ƙ'
>>> ord("ƙ")
409
>>> chr(409)
'ƙ'
```

Umarnin `ord` yana karɓar harafi ya ba da lambarsa ta Unicode, `chr` kuma akasin haka yake yi. Ƙirgen matsayi daga 0 yake farawa, kuma `kalma[-1]` yana ba da harafin ƙarshe. Ba a iya sauya harafi a cikin `str` bayan an ƙirƙire shi; `kalma[0] = "k"` kuskure ne, sai dai a gina sabuwar kalma, misali da `kalma.replace("ƙ", "k")`. Wanda kibod ɗinsa ba shi da harafin yana iya rubuta lambarsa, `"\u0199"`, ko sunansa na Unicode. Kundin `unicodedata` da ke zuwa tare da Python shi ne ke riƙe da sunaye da rukunonin haruffa: `unicodedata.name("ƙ")` yana ba da `LATIN SMALL LETTER K WITH HOOK`, `unicodedata.category("ƙ")` kuma `Ll`, wato ƙaramin harafi.

A Python 2 lamarin ba haka yake ba. A can `str` jerin bayit ne, nau'in `unicode` kuma daban aka ƙara shi a fitowa ta 2.0 a shekarar 2000. Saboda haka `len("ƙasa")` a fayil mai UTF-8 yakan ba da 5, kuma idan aka haɗa nau'o'in biyu sai harshen ya yi ƙoƙarin daidaita su da ASCII ba tare da ya tambayi kowa ba. Manhaja takan yi aiki lafiya lau a gwaji da sunayen Ingilishi, ta tsaya cak ranar da aka shigar mata da suna mai ɗ. An daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin darussa a intanet har yanzu cike suke da misalansa.

## Haruffa masu lanƙwasa

Haruffan boko na Hausa masu lanƙwasa suna cikin Unicode tun fitowarsa ta farko-farko.

| Harafi | Lambar Unicode | A ƙidayar goma | Bayit a UTF-8 |
|---|---|---|---|
| Ɓ | U+0181 | 385 | C6 81 |
| ɓ | U+0253 | 595 | C9 93 |
| Ɗ | U+018A | 394 | C6 8A |
| ɗ | U+0257 | 599 | C9 97 |
| Ƙ | U+0198 | 408 | C6 98 |
| ƙ | U+0199 | 409 | C6 99 |
| Ƴ | U+01B3 | 435 | C6 B3 |
| ƴ | U+01B4 | 436 | C6 B4 |

Lambobin ba a jere suke ba. Ƙ da ƙ maƙwabta ne, haka Ƴ da ƴ, amma tsakanin Ɓ da ɓ akwai tazarar 210. Dalili shi ne ƙananan ɓ da ɗ alamomi ne a haruffan ilimin furuci na duniya, don haka aka ajiye su a rukunin da ya fara daga U+0250, aka bar manyansu a rukunin ƙarin haruffan Latin.

Wannan yana rushe wata dabara da ake koyarwa a darussan farko. A ASCII tazarar ƙaramin harafi da babbansa 32 ce a ko'ina, shi ya sa `chr(ord("a") - 32)` yake ba da A. Idan aka gwada da ɓ, 595 a cire 32 saura 563, kuma wannan lambar ta ȳ ce, harafin da babu ruwansa da Hausa. Umarnin `upper` da `lower` ba ragi suke yi ba, teburin Unicode suke dubawa, don haka `"ɓera".upper()` yana ba da `ƁERA` daidai. Haka nan gwajin `"a" <= x <= "z"` yana fitar da haruffan nan daga sahun haruffa, alhali `x.isalpha()` yana karɓarsu.

Python 3 ya yarda a sa wa ma'ajin ƙima suna da irin waɗannan haruffa. Layi kamar `ƙasa = "Nijar"` yana aiki, saboda fayil ɗin manhaja kansa ana ɗaukarsa a matsayin UTF-8 idan ba a faɗi wani inkodin ba.

## Daga lamba zuwa bayit

Lambar Unicode ba ta faɗi yadda za a adana ta ba. 409 ta fi ƙarfin bayit ɗaya, don haka sai an san yadda za a raba ta. Wannan ne aikin inkodin, kuma wanda ya mamaye intanet a yau shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a watan Satumban 1992. Yana ba harafi bayit ɗaya idan lambarsa ba ta wuce 127 ba, biyu har zuwa 2,047, uku har zuwa 65,535, huɗu ga abin da ya haura haka.

```
>>> b = "ƙasa".encode("utf-8")
>>> b
b'\xc6\x99asa'
>>> len(b)
5
>>> b[0]
198
>>> b.decode("utf-8")
'ƙasa'
```

Ana iya bin sawun yadda 409 ta koma 198 da 153. A ƙidayar bit, 409 ita ce 110011001. Harafi mai bayit biyu yana da gurbin bit 11, don haka ana cika gaba da sifili ya zama 00110011001. Biyar na farko, 00110, ana sa musu 110 a gaba, sai a samu 11000110, wato 198. Shidan da suka rage, 011001, ana sa musu 10 a gaba, sai a samu 10011001, wato 153. Alamar 110 tana cewa harafi ya fara kuma bayit biyu gare shi. Alamar 10 tana cewa wannan bayit ci gaban na baya ne. Hikimar tsarin ke nan: ko daga tsakiyar fayil aka fara karatu ana iya gane inda harafi ya soma, kuma duk fayil ɗin ASCII tsoho UTF-8 ne ingantacce ba tare da an taɓa shi ba.

Alamar naira, ₦, mai lamba U+20A6, bayit uku take ci. Mafi yawan emoji huɗu suke ci. Yanka `bytes` a inda aka ga dama yana iya raba harafi gida biyu: `b[:1].decode("utf-8")` yana tayar da `UnicodeDecodeError`, domin rabin ƙ kawai aka miƙa. Wannan yakan faru idan manhaja ta taƙaita tsawon suna ko saƙo da ƙirgen bayit maimakon ƙirgen haruffa.

Akwai kuma UTF-16, mai ba harafi bayit biyu ko huɗu, da UTF-32, mai ba kowane harafi huɗu. Kalmar *ƙasa* bayit 5 ce a UTF-8, 8 a UTF-16, 16 a UTF-32, idan ba a lissafa da alamar da akan sa a farkon fayil don nuna jerin bayit ba.

## Idan inkodin ya saɓa

Duk mai karanta shafukan Hausa a intanet ya taɓa cin karo da rubutu irin *Æ™asa* ko *É—aki*. Ana kiran wannan da kalmar Japananci *mojibake*. Abin da ya faru shi ne an rubuta da UTF-8, aka karanta da Windows-1252. Bayit biyun ƙ, C6 da 99, sai aka ɗauki kowanne harafi ne mai zaman kansa: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka ɗ yake komawa É—, ɓ kuma É“. Bayit ɗin ba su lalace ba, karatunsu ne aka yi ba daidai ba, shi ya sa sau da yawa ana iya gyarawa ta hanyar komawa da baya:

```
>>> "Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")
'ƙasa'
```

Babban Ɓ ya fita daban. Bayit ɗinsa na biyu, 81, yana cikin gurbi biyar da Windows-1252 bai ba kowane harafi ba. Don haka fayil mai ƙ da ɗ yana iya buɗuwa shiru a dagule, amma da an iso kan Ɓ sai Python ya tsaya da kuskure. Tsayawar ta fi alheri, domin ita ce take tona matsalar. Dagulewar shiru takan wuce har cikin rumbun bayanai kafin wani ya lura. Latin-1 kuwa ba ya taɓa ƙin karanta kowane bayit, tunda duk gurbi 256 ɗinsa a cike suke. Wasu kan sa shi don kuskuren ya ɓace, kuma yakan ɓace ɗin, sai dai rubutun ya fito a lalace.

Mafi yawan lokuta a wajen buɗe fayil ne abin yake shigowa. Idan aka rubuta `open("labari.txt")` ba tare da faɗin inkodin ba, fitowar Python 3 da dama suna ɗaukar na tsarin kwamfutar. A Linux da macOS galibi UTF-8 ne, a Windows mai saitin Ingilishi kuwa Windows-1252. Manhaja ɗaya, fayil ɗaya, amma sakamako biyu. Maganin shi ne a rubuta `open("labari.txt", encoding="utf-8")`. Wasu manhajojin Windows, kamar Excel idan ya adana CSV a UTF-8, suna sa bayit uku, EF BB BF, a farkon fayil. Inkodin `utf-8-sig` yana cire su, in ba haka ba sai su manne a jikin kalmar farko a matsayin harafin da ba a gani.

Umarnin `encode` da `decode` suna karɓar zaɓin abin da za a yi da harafin da ya gagara. Na asali shi ne `strict`, wato a tsaya. Da `replace`, `"ƙasa".encode("ascii", "replace")` yana ba da `?asa`. Da `ignore` harafin yana ɓacewa gaba ɗaya, a samu `asa`. Ga harshen da lanƙwasa kaɗai take bambanta *baki* da *baƙi*, ko *kafa* da *ƙafa*, wannan hasara ce da ba ta dawowa, kuma ta fi muni a jerin sunayen mutane da na garuruwa.

## Abin da len yake ƙirgawa

Umarnin `len` lambobin Unicode yake ƙirgawa, ba abin da mai karatu zai kira harafi ba. A rubutun Hausa na yau da kullum biyun sukan yi daidai, amma a ƙamus da littattafan nahawu, inda ake nuna karin sauti da tsawon wasali, sukan rabu.

Unicode yana da alamomin ɗorawa, waɗanda ba sa tsayawa su kaɗai sai a kan harafin da ya gabace su. Alamar karin ƙasa ita ce U+0300, ta dogon wasali U+0304, ta karin faɗau U+0302. Ana iya rubuta à ta hanya biyu: lamba ɗaya haɗaɗɗiya, U+00E0, ko kuma a da U+0300 a bayansa. A ido ɗaya suke, amma Python yana cewa ba ɗaya ba ne, kuma mai neman kalma a rumbun ƙamus zai iya rasa ta alhali tana nan. Umarnin `unicodedata.normalize` shi ke daidaita su. Siffar `NFC` tana haɗe duk abin da yake da haɗaɗɗiyar lamba, `NFD` kuma tana warware komai zuwa harafi da alamominsa.

Ba kowane haɗi ne yake da lamba ɗaya ba. Kalmomin *gàrī*, wato birni, da *gā̀rī* na tuwo sun isa misali. Ta farko tsawonta 4 a NFC. Ta biyu 5 ce, domin babu lamba ɗaya ta ā̀, dole a rubuta ā sannan a ɗora karin ƙasa. A NFD kuwa tsawonta 7. Mai karatu haruffa huɗu yake gani a kowacce. Abin ma ba a kan tsari ɗaya yake ba: ḕ da ṑ suna da haɗaɗɗun lambobi, amma ā̀, ī̀ da ū̀ ba su da su. Haka r̃, wanda Paul Newman yake amfani da shi a ƙamusunsa don bambanta ra-gare da ra-kaɗe, kullum lamba biyu ne. Idan aka juya *gā̀rī* da `[::-1]`, alamar karin takan bar wasalinta ta faɗa kan r.

Akwai dabarar da ta yaɗu ta cire alamomi daga kalmomin Faransanci ko Sifaniyanci: a warware da NFD, a mayar ASCII da `ignore`, sai é ya koma e. A Hausa ba ta aiki. Unicode bai ɗauki lanƙwasa a matsayin alamar ɗorawa ba, ƙ harafi ne cikakke da ba ya warwaruwa, don haka dabarar tana mayar da *ɗaki* zuwa *aki*. Mai son sauke lanƙwasa da gangan, misali don adireshin shafi, sai ya yi nasa teburin da `str.maketrans` da `translate`.

Rubutun ajami ma haka yake. Wasulansa alamomin ɗorawa ne, kowanne da lambarsa, don haka baƙi da wasalinsa tsawonsu 2. Siffofin da harafin Larabci yake ɗauka a farkon kalma, tsakiya da ƙarshe duk lamba ɗaya ce, salon rubutu ne yake zaɓar siffar da ta dace. Ana adana haruffan bisa jerin karatu, saboda haka `kalma[0]` shi ne harafin da yake can dama. Unicode 13.0 na 2020 ya ƙara wasu haruffan Larabci da ake buƙata wajen rubuta Hausa da Wolof. Python ya san alƙaluman Larabci ma: `int("٣")` yana ba da 3.

Tutocin emoji sun fi kowanne nuna tazarar da ke tsakanin gani da ƙirge. Tutar Najeriya lambobi biyu ce, alamar yanki ta N da ta G, bayit takwas a UTF-8. Idan aka juya ta, N da G suka koma G da N, tutar Gini ce take fitowa. Kundin `regex`, wanda ake saukewa daban, yana da alamar `\X` mai yanka rubutu bisa abin da ido yake gani.

## Alhamza, baƙaƙe masu goyo da jerin abjadi

Alamar da ke cikin *jama'a* da *sana'a* baƙi ce a Hausa, amma a ASCII alamar rubutu ce kawai. Lambobi uku ake samu a gurbinta: U+0027 na kibod, U+2019 da manhajojin rubutu suke musanya shi da shi, da U+02BC. Na ukun ne kaɗai Unicode ya lissafa a cikin haruffa, kuma shi kaɗai `isalpha` yake karɓa. Sakamakon haka, `re.findall(r"\w+", "jama'a")` yana raba kalmar biyu, *jama* da *a*, kuma `"jama'a".title()` yana ba da `Jama'A`. Mai ƙirga kalmomin wani matani da bai kula da wannan ba zai tarar da *a* ta yi yawan da ba nata ba. Ƙari a kan haka, sautin da ake rubutawa 'y a Najeriya ƴ ne a Nijar, lamba biyu a nan, ɗaya a can, kuma babu siffar daidaitawa ta Unicode da take haɗa su.

Baƙaƙe masu goyo, irin su sh, ts, ky da ƙw, sauti ɗaya ne a nahawu amma lambobi biyu ne a Python. Kalmar *tsatsa* tsawonta 6 a wurin `len`, alhali sauti huɗu ne. Wanda yake nazarin gaɓoɓin kalma sai ya faɗa wa manhajar da kansa:

```
>>> re.findall(r"sh|ts|'y|.", "tsatsa")
['ts', 'a', 'ts', 'a']
```

A nan ma alamar tana da wani aikin, domin a kalma kamar *mus'hafi* an sa ta ne don kada a karanta s da h a matsayin sh.

Jerin abjadi shi ma lamba yake bi. Umarnin `sorted` yana gwada lambobin Unicode, don haka kalmomin *baki, ɓera, ɗaki, kasa, ƙasa, zomo* suna fitowa a haka: *baki, kasa, zomo, ƙasa, ɓera, ɗaki*. Masu lanƙwasa sun koma bayan z, kuma ƙ ya riga ɓ saboda 409 ta gaza 595. Ƙamus na Hausa yana sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Ana samun wannan jerin ta hanyar ba `sorted` mabuɗin jeri na musamman, ko ta kundin PyICU, wanda yake amfani da ƙa'idojin jeri na harsuna da ke rumbun CLDR na Unicode, ciki har da na Hausa.

## A cikin ƙwaƙwalwar na'ura

Tun daga Python 3.3 na 2012, bisa shawarar PEP 393 ta Martin von Löwis, CPython yana duba harafi mafi girman lamba a cikin kowane `str` kafin ya zaɓi yadda zai ajiye shi. Idan duk ba su wuce 255 ba, kowane harafi bayit ɗaya. Idan akwai wanda ya kai har 65,535, kowanne biyu. Idan akwai wanda ya haura, kowanne huɗu. Ƙ guda ɗaya a cikin dogon sakin layi yana ninka wurin da dukan haruffansa suke ci, emoji guda kuma ya ninka shi sau huɗu. Ribar ita ce duk haruffan jeri ɗaya faɗinsu ɗaya, don haka `kalma[1000]` ba ya buƙatar a bi ta kan dubun da suka gabace shi.

Sauran harsunan shirya manhaja sun bi hanyoyi daban. A C, `char` bayit ɗaya ne, ƙ na UTF-8 ba ya shiga cikinsa. A Java `char` bit 16 ne, domin an tsara harshen a lokacin da ake ganin gurbi 65,536 za su ishi Unicode. Ƙ yana shiga, amma emoji irin 😀 sai an haɗa guda biyu, kuma a JavaScript ma tsawonsa 2 ne, inda Python yake cewa 1. Go yana da `rune`, Rust kuma `char` mai bayit huɗu, dukansu lamba ɗaya ta Unicode suke riƙewa, sai dai `len` a harsunan biyu bayit yake ƙirgawa. Swift ne ya ɗauki harafi bisa abin da ido yake gani, don haka a can *gā̀rī* tsawonta 4, tutar Najeriya kuma 1.